Toktosun Zai Tafi Wezgan

Tun ranar da saƙon ya shigo wayar 'yarsa, Toktosun bai ƙara zama ya shanye kofin shayi ba. Zai zuba, ya kurɓa sau biyu, sai ka ga ya miƙe ya nufi rumfar bayan gida inda tsohon baburinsa yake. Ya tsaya yana kallonsa hannu a ƙugu, in ya dawo shayin ya huce.

Saƙon murya ne, daga wata mace da ba su sani ba, tana magana da Rashanci. Ta ce ita jikar Daulatsho ce, daga ƙauyen Wezgan, can cikin duwatsun Tajikistan. Sai bana aka kafa musu ƙarfen waya, kuma ta bi direbobi ɗaya bayan ɗaya kafin ta samu wannan lamba. Kakanta ya makance shekara huɗu ke nan. Abin da yake son ya sani kawai, direban nan na garin Osh mai yatsu takwas yana raye?

Yana raye, shekarunsa sittin da huɗu. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, yana tuƙa babbar mota yana kai fulawa garin Horog na Tajikistan, motar ta mutu masa a gindin wani mashigin dutse ana tsakiyar sanyi. Ya sauka ya fara takawa, bai yi nisa ba dusar ƙanƙara ta kayar da shi. Daulatsho ma'aikacin hanya ne a lokacin. Shi ya tsince shi, ya goya shi har bukkar ma'aikata, ya yi jinyarsa kwana ashirin da shida da shayi mai gishiri da busasshiyar gurasa. Yatsu biyu na ƙafar hagu suka tafi, saura suka tsira. Ranar rabuwa Toktosun ya riƙe hannunsa ya ce, "Zan zo har garinku." Daga nan sai rayuwa ta yi ta tura shi gaba: yara, aiki, ciwon matarsa da rasuwarta, sannan aka rufe iyakar ƙasarsu da Tajikistan aka bar ta a rufe.

Yanzu an buɗe. Sai dai jikar ta ce ƙasa ta zaftaro ta cinye hanyar kwarinsu bara, mota ba ta shiga, sai jaki ko babur.

Bermet, 'yar tasa, ma'aikaciyar jinya ce a asibitin gari. Shekarunta talatin da takwas, mijinta yana aikin gini a Rasha, ita take zaune da uban. Da ta ji abin da yake ƙullawa ba ta yi gardama ba, sai ta ɗauko abin awon jini ta naɗa masa a dantse.

"Baba, ka ga wannan lambar? A nan ƙasa ke nan, kana zaune a inuwa. Can sama iskar ma ba ta isar mai lafiya."

"Na bi hanyar nan sau ɗari biyu."

"A cikin mota, gashinka duk baƙi."

"Ai ba ni kaɗai ba ne. Da Turdubek za mu."

Bermet ta kwance abin awon ta naɗe shi a hankali. "Kawu Turdubek," ta ce.

Turdubek abokinsa ne tun ƙuruciya, tsohon malamin labarin ƙasa, mai tumbi da son magana. Shi ma yana da babur, wanda yake zuwa gonar tuffarsa da shi. Da jin maganar tafiya idonsa ya kawo haske. Washegari ya iso gidan shayin bakin kasuwa da taswira ƙunshe a hammata, ya ture farantin samsa, wato sambusar nama, gefe, ya shimfiɗa ta, ya danne kusurwoyinta da kofuna.

"Rana ta farko Sari-Tash. Ta biyu mu ƙetare iyaka mu kwana bakin tafkin Karakul. Daga nan mu bar babbar hanya mu yi yamma. Babu gidan mai, babu bakanike, babu ko kare, har kusan kwana biyu. Jarka bibbiyu kowa."

"Uku."

"Biyu sun isa. Na yi lissafi."

"Kai da ba ka taɓa wuce Gulca ba?"

"Shekara talatin ina koyar da duwatsun nan."

"A kan allo. A kan allo babu iska mai ture mutum baya, babur ba ya shan mai ninki biyu."

"To uku, sarkin direbobi. Ka ci samsarka kafin ta huce."

Haka suka yi ta yi har mako uku. Toktosun ya sauya sarƙa, ya sayi tayoyi masu manyan haƙora, ya tanadi fulogi da igiyar kuloci da kayan faci. Ya kai baburin wajen mai walda aka ɗaura masa ƙarafan riƙe jarka. Ya yi sintiri tsakanin ofisoshi har aka buga masa izinin shiga yankin duwatsu. Ya sayi tsaraba: butar shayi, yadi mai kauri, sukari, da ƙaramar rediyo, don ya ce makaho rediyo yake so. Zai ɗaure kayan, ya kwance, ya sake ɗaurewa ta wata fuska. Kullum da safe sai ya tare direbobin da suka sauko daga sama ya tambaye su ruwa nawa ne a rafuka.

An sa rana goma ga Yuni. Sai Turdubek ya ce a bari a yi bikin kaciyar jikansa. Aka ci shinkafa aka watse, ya ce ga yankan ciyawa ya zo. Aka yanka ciyawa, ya ce ya ji labarin ƙanƙara tana narkewa da ƙarfi, gara a jira rafuka su ja baya. Kowane dalili in ka duba shi kaɗai mai kyau ne. Amma Toktosun ya san hanyar wata uku kacal take yarda da mutum, ga ɗaya ya riga ya tafi. Kuma ya san shekarun Daulatsho. Duk sanda wayar Bermet ta yi ƙara sai ya ɗago kai.

Suka shirya gwaji: su ɗaura kaya duka, su hau har mashigin Taldik su dawo a yini guda. Da asuba Toktosun yana ƙofar gidan abokinsa, inji yana ruri. Matar Turdubek ta leƙo ta ce gwiwa ta hana shi ko miƙewa. Toktosun bai ce a gaishe shi ba, ya sa giya ya tafi.

Tafiyar ta yi masa daɗi fiye da yadda ya zata. Hannunsa ya tuna kowace kwana. Kafin azahar yana saman Taldik, iska tana kaɗa rigarsa, kansa garau. Da zai sauko sai ya ce bari ya gwada hanyar tsakuwa, tun da irinta ce ke jiransa. Ya ratse ya bi wata hanyar makiyaya. Bai yi kilomita biyar ba tayar gaba ta nutse cikin tsakuwa, baburin ya kwanta a hankali kamar saniyar da ta gaji. Shi ko ƙwarzane bai yi ba, har dariya ya yi.

Ya kama ƙahon baburin ya ɗaga. Baburin ya taso kamar taƙi ɗaya ya koma. Ya kwance jarkoki da jakunkuna ya jibge gefe, ya sake gwadawa. Ƙafar hagu ta ƙi riƙe ƙasa, wani abu ya soke shi a ƙugu, idonsa ya yi duhu. Ya huta ya sake. Sau shida yana gwadawa, sannan ya zauna a kan dutse yana kallon fetur yana ɗiga cikin tsakuwa.

Awa uku ya yi a wurin. Babu abin da ke motsi sai inuwar gajimare a jikin dutse. Ya yi ta tunanin cewa nan fa kusa da kwalta ne, can inda za shi sai ya kwana biyu bai ga mutum ba. Wajen la'asar wani makiyayi ya ɓullo a kan doki, ya sauka, ya ɗaga baburin da hannu ɗaya kusan.

"Dattijo, ina 'ya'yanka suka bar ka kake yawo da wannan jaki?"

Toktosun ya yi masa godiya, ya ba shi rabin gurasarsa. Da ya isa gida ya ce wa Bermet lafiya lau aka je aka dawo.

Da safe ya tafi gidan Turdubek. Ya same shi a kan tsani yana duba tuffa, gwiwa ras. Turdubek ya sauko yana neman abin cewa, Toktosun ya riga shi. Ya faɗa masa komai, har sau shidan.

"Ka ga ke nan ba don hira nake son ka ba. Tuƙi zan iya. Amma in babur ya faɗi, sai mutum biyu. Faɗa mini rana, wadda ba za ta tashi ba."

Turdubek ya zauna a matakin tsani, ya cire hularsa yana murza ta.

"Fasfona ya mutu shekara shida ke nan," ya ce.

"Ai mako biyu ne a sabunta."

"Ban kai ba. Ba zan kai ba. Tokto, ni tsoro nake ji. Ko Taldik ɗin nan ba na son in tuna shi. Na ɗauka kai ma za ka huce, mu yi ta shiri muna shan shayi har sanyi ya shigo. Rabona da jin daɗi irin na makonnin nan tun ina aji."

"Ka ci mini wata guda."

"Na sani."

"Mutumin nan ya haura tamanin."

"Na sani, Tokto."

Toktosun ya so ya zage shi, sai ya ga idon abokin ya cika da ƙwalla, ya juya ya fita bai rufe ƙyaure ba.

Bai kwance kayan ba. Abin da ya koma yi shi ne, da zarar Bermet ta fita aiki, sai ya tura baburin tsakar gida, ya shimfiɗa tsohon bargo, ya kwantar da shi a kai, ya shiga kokawar ɗaga shi. Ya gwada da igiya a reshen inabi, ya gwada da gungume a matsayin madogara. Da igiya yana tashi, amma can sama babu reshe. Kafin ta dawo sai ya ja shi ya tayar, ya share wurin.

Rana ta huɗu ta dawo da wuri. Ta tarar da shi durƙushe, fuska ja wur, jijiyoyin wuya a tashe. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa.

"Tun yaushe?"

"Gwaji nake."

"A Taldik baburin ya faɗi, ko? Shi ya sa kake tafiya a karkace."

Ta ajiye jaka, ta ce ya matsa. Ta juya wa baburin baya, ta tsuguna ta jingina ƙugunta da sirdi, ta kama ƙaho da hannu ɗaya, ƙarfen baya da ɗayan, ta tura da ƙafafu tana ja da baya kaɗan kaɗan. Baburin ya miƙe tsaye.

"Da ƙafa ake ɗagawa, ba da baya ba. Kullum ƙatti nake juyawa a kan gadon asibiti."

Ya gwada yadda ta yi. Ƙafar hagun ta zame, ya zauna daɓas a kan bargo. Ta ba shi hannu, ya ƙi karɓa.

Kwana biyu ba su yi maganar ba. Shi yana shiga yana fita, ya buɗe rumfa ya rufe. Ita tana kallonsa ta taga. A rana ta uku suna karin kumallo ta ce, "Ba ni makulli."

"Na me?"

"Na baburin. Ina da hutun mako uku da ban ɗauka ba. Na san in na hana ka, wata safiya zan tashi in tarar ka tafi kai kaɗai."

"Ke? Rabonki da babur tun kina 'yar shekara sha shida."

"Wa ya koya mini? Har ciyawa nake ɗaukowa da shi kafin Mama ta hana."

"Mijinki fa?"

"Na gaya masa. Ya ce ni da kai duk kanmu ba daidai yake ba."

Abin ya yi wa Toktosun nauyi. Ya ce mutane za su yi magana, ta ce ai sun riga sun fara, tun da aka gan shi yana sayen jarka uku. Ya ce hanyar ba ta mata ba ce, ta ce ta tsofaffi masu hawan jini ce ke nan. Daga ƙarshe ya jefa mata makullin a kan tabarmar cin abinci.

Sabon shiri ya tashi, ya fi na farko hayaniya. Izininta sai da ya ci kwana goma sha biyu, kuma kowace safiya Toktosun yana bakin ofishin kafin a buɗe, har ma'aikaciyar wurin ta ce, "Kaka, in ka ƙara zuwa gobe zan mayar da takardar ƙasan tari." Da yamma sukan fita busasshen rafi bayan gari, ita tana tuƙi cikin tsakuwa, shi yana baya yana ba da umarni.

"Kada ki taɓa birkin gaba. Ƙara wuta. Na ce ƙara wuta, ba ki ji?"

"Baba, in ka ƙara matse mini ciki haka, tare za mu faɗi."

Sun faɗi sau biyu, ta ɗaga sau biyu.

Mutum biyu a babur ɗaya, dole kaya su ragu. Suka baje komai a tsakar gida. Ita ta ce jakar magani ba ta taɓuwa, shi ya ce jarka uku ba sa taɓuwa. Butar shayi ta fita, yadi ya fita, sukari ya koma rabi. Rediyon ya cusa a cikin rigarsa kafin ta kai hannu. Sai maganar wanda zai riƙe ƙaho. Ya ce shi ne direba, ta zauna baya, in an faɗi ta ɗaga. Ta ce ita ba lebura ba ce. Suka daidaita a kan cewa tuƙin kwalta nasa ne, na tsakuwa nata, kowa yana ganin an cuce shi.

Suka tashi ashirin da uku ga Yuli, rana ba ta fito ba. Turdubek yana tsaye a bakin layi da taswirarsa, ya naɗe ta cikin leda. Tun ranar tsani ba su haɗu ba. Ya miƙa wa Bermet.

"Na sa alama duk inda akwai ruwan sha. Wajen jan layin nan, ku ƙetare rafin da safe, kafin rana ta narkar da ƙanƙara."

"Na san wannan," in ji Toktosun yana kallon gaba.

"Ai ba kai na ba wa ba."

Toktosun ya tayar da inji, sannan ya ce masa, "Ka riƙa zuba wa inabina ruwa. Makullin gida yana ƙarƙashin tukunya."

Kwana huɗu aka tsara, shida suka yi. A bakin Karakul, Bermet ce iskar sama ta kayar, ta yini tana amai, uban yana yi mata shayi yana ƙoƙarin ɓoye murmushi. Sun yi faci sau uku. A rafin jan layi ruwa ya kai musu cinya, suka sauke kaya suka tura baburin tare, takalminta ɗaya ya bi ruwa. Jarka ta uku suka buɗe ranar da suka hango bishiyoyin farko na kwarin. Inda ƙasa ta zaftaro, hanyar ba ta fi faɗin tabarma ba, kogi yana ruri a ƙasa. Toktosun ya sauka ya bi bayanta da ƙafa, bai ba ta umarni ko ɗaya ba har ta fita.

Daulatsho yana zaune a bakin ƙofarsa yana shan hantsi, ya ƙanƙance, gemu fari fat. Tun daga nesa ya juyo da kunne wajen ƙarar inji. Toktosun ya durƙusa gabansa ya faɗi sunansa. Tsohon ya shafa fuskar Toktosun da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa.

"Ka tsufa," ya ce.

"Kai ma."

"Wa ya tuƙo? Wannan ba tuƙin direban babbar mota ba ne."

"'Yata ce, Bermet."

Aka shiga ciki, aka kawo shayi da gurasa, maƙwabta suka cika ɗaki. Toktosun yana ta ƙoƙarin ba da haƙurin shekarun da suka wuce, tsohon yana katse shi da tambayar abin da ya sami tsohuwar motar. Can sai ya juya inda ya ji muryar Bermet.

"'Yata, baburin nan yana ɗaukar makaho?"

Ashe yana da ƙanwa a ƙauyen gaba, tafiyar rabin yini a ƙafa. Tun da idonsa ya rufe bai je ba, ita kuma ƙafafunta sun daina kai ta ko'ina. Bermet ta dubi ubanta, ta dubi ƙafarta mai sanye da aron takalmi, ta ce bari ta gama shayinta.

Aka sauke jarkoki, aka ɗora tsohon a baya, jikarsa ta ɗaure shi a jikin Bermet da ɗankwali. Toktosun yana zagaye su yana duba ƙulli, yana cewa ta bi a hankali, ta kula da kwana, kada ta taɓa birkin gaba. Ta sauke gilashin hular kwano ta ja.

Ya bi su da ido har suka sha kwanar dutse. Matan gidan suka ce ya shigo ya huta, ai sai yamma za su dawo. Ya ce to, yana zuwa. Ya hau kan katangar dutsen da ke bakin hanya ya zauna, yana sauraron ƙarar injin tana raguwa a cikin kwarin.